WAYE YA CIKE WA ƊANKA FOM? DAGA KWALEJIN KATSINA ZUWA SHAGON INTANET

Rubutun nan zai ɗan yi tsawo, ku yi mini haƙuri. Amma duk wanda yake da ɗa ko 'ya ko ƙani a ajin ƙarshe na sakandare, don Allah ya daure ya kai ƙarshe, tunda ga fom ɗin JAMB ya kusa fitowa.

Ƙarshen makon jiya na je gida Danja. Bayan sallar isha'i ina zaune a ƙofar gida sai ga wani dattijo maƙwabcinmu, abokin marigayi mahaifinmu ne, 'yarsa na biye da shi riƙe da baƙar leda cike da takardu. Muka gaisa, ya tambayi iyali da aiki, sannan ya ce, "Ɗana, ku ne kuka san boko. Duba mini takardun ƙanwarka. Sau biyu ke nan tana cin jarrabawar nan amma shiru. An ce mini wai sai mun san wani a sama." Na ce, "To Baba, bari mu gani." Na haska fitilar waya. Kiredit takwas a NECO, har da Turanci da Lissafi. Makin JAMB ɗinta duka shekarun biyu ya haura 200 da ɗan dama. Kwas ɗin da ta nema ma ba likitanci ba ne balle a ce cunkoso ne ya hana ta. Na tambaye ta imel ɗin da aka yi mata rajista da shi, ta ce, "Yaya, ban sani ba." Lambar wayar fa? Ta ce wani layi ne na yaron shagon.

Washegari muka nemo yaron shagon intanet ɗin. Ba mugun yaro ba ne, neman abincinsa yake yi, shi ma bai daɗe da gama sakandare ba. Ya ɗauko wani tsohon littafi da ya rubuta sunayen yara da kalmomin sirrinsu, ya laluba ya samo nata. Da muka shiga shafinta sai komai ya fito fili. Shekarar farko an yi mata rajista tana jiran sakamakon NECO, da ya fito ba wanda ya koma ya ɗora shi, don haka ko cikin waɗanda za a duba ba ta shiga ba. Shekara ta biyu an ɗora, har jami'ar ta yi mata tayin komawa wani kwas makusancin wanda ta nema, ana jiran ta danna ta ce ta amince. Ba wanda ya gani. Wa'adi ya wuce.

Shekara biyu ke nan yarinya na zaune a gida, ga kuɗin tumatir da uban ya zuba har sau biyu, alhali ba wani na sama da ya danne ta. Da na yi wa Baba bayani shiru ya yi, can ya ce, "To mu ina za mu san wannan?"

Wannan tambayar tasa ce ta bi ni har na koma bakin aiki. Da na juya ta a raina sai na ga ai tun zamanin Turawa ɗan talakan ƙasar nan bai taɓa shiga babbar makaranta da ƙafarsa shi kaɗai ba. Kullum akwai wani babba da ya san hanya, ya kama hannunsa ya tsallakar da shi. Abin da ya riƙa canjawa shi ne waye wannan babban, har muka iso yau da wurin nasa ya zama ba kowa.

Bari mu ɗauko daga farko. A 1921 aka kafa Kwalejin Katsina, Gwamna Hugh Clifford ya buɗe ta a hukumance a 1922, zamanin Sarki Muhammadu Dikko. Ita ce ƙololuwar karatun boko a duk Arewa a lokacin. Sardauna Ahmadu Bello ya yi ta daga 1926 zuwa 1931, Abubakar Tafawa Ɓalewa daga 1928 zuwa 1933. An mayar da ita Kaduna a 1938, sannan Zariya a 1949, ita ce Barewa ta yanzu. Tsohon gininta na ƙasa yana nan a birnin Katsina an mai da shi gidan tarihi, wanda bai taɓa leƙawa ba ya kamata ya kai yaransa.

A wancan zamanin ba wanda ya san wani abu wai shi sayen fom. En'e ce ke aiko wa hakimi cewa ana son yara kaza, hakimi ya tura wa dagaci, dagaci ya tura wa mai unguwa. Kakanninmu kuwa gudun abin suke yi. Kowa a cikinmu ya ji labarin wanda aka ɓoye a rumbu, ko wanda aka tura gabas karatun allo cikin dare don kada dogari ya kama shi. Wanda aka kama ya yi elementare, in yana da ƙoƙari malamansa su zaɓe shi zuwa midil a Katsina, daga can Baturen makaranta da hedimasta su tsamo 'yan kaɗan zuwa kwaleji. Tufafi, abinci, littattafai, duk na hukuma ne. Amma fa yaro ba shi da zaɓi. Ce maka za a yi kai malamin makaranta za ka zama, kai malamin asibiti, kai malamin gona, shi ke nan. Ƙofar ƙarama ce ƙwarai, 'ya'yan sarauta da na ma'aikatan En'e suka fi cika ta, mata kuwa ko da aka buɗe musu makaranta a Katsina da Kano a 1930, ba da niyyar su yi zurfi aka buɗe ba. Ba yabon tsarin nake yi ba. Abin da nake so a lura da shi kawai, duk yaron da ya shiga layin, akwai mai lissafi da shi daga mataki zuwa mataki.

Da aka buɗe Kwalejin Jami'a ta Ibadan a 1948, 'yan Arewa da ke cikinta ana iya ƙirga su da yatsu. Wannan giɓin ne ya hana su Sardauna barci, da ministansa na ilmi Alhaji Isa Kaita, Wazirin Katsina. Ranar 4 ga Oktoba 1962 aka buɗe Jami'ar Ahmadu Bello a Samaru. Mu mutanen Danja sai Allah Ya kawo mana ita kusa, don ta hanyar Hunkuyi mun fi kusa da Samaru nesa ba kusa ba a kan birnin Katsina. Sai dai kusancin hanya daban, samun shiga daban. A lokacin sai ka gama sakandare, ka ƙara shekara biyu ka yi HSC, sannan jami'a ta dube ka, makarantun Arewa masu wannan ajin kuwa 'yan tsiraru ne. Ga jami'a an gina don 'yan Arewa, ga 'yan Arewan ba su da takardar shiga. Shi ya sa a zamanin Farfesa Ishaya Audu, wanda ya shugabanci jami'ar daga 1966 zuwa 1975, aka buɗe makarantar share fage a cikin ABU, wadda iyayenmu ke kira SBS, aka riƙa ɗauko masu gama sakandare kai tsaye ana shirya su. Daga irin wannan tunanin ne jarrabawar IJMB ta samo asali, wadda har gobe ABU ce ke kula da ita. Da yawan manyan ma'aikatan da muka tarar a ofis lokacin da muka fara aiki ta wannan gadar suka haye.

Ka tambayi duk wanda ya yi sakandare a Funtuwa ko Malumfashi a waɗancan shekarun waye ya cike masa fom, zai ce maka firinsifal ko wani malami. Fom ɗin makaranta yake zuwa. A tara 'yan ajin ƙarshe, malamin da ya san ƙoƙarin kowa ya ce kai nemi kaza, kai kuma kada ka ɓata lokacinka, tafi kwalejin horon malamai. Uban yaro yana gona bai ma san ana yi ba, sai dai a aiko masa cewa ɗansa ya samu, kuma hukumar ba da tallafin karatu ta ɗauki nauyinsa. Hannun da ya riƙe yaro ya tashi daga na hakimi ya koma na malami.

To ina JAMB ta fito? Kafin 1978 kowace jami'a ita ke shirya jarrabawarta ta ɗauki ɗalibanta. A 1975 gwamnatin tarayya ta karɓe jami'o'in da ke hannun jihohi, har da ABU, ta kuma ƙirƙiro sababbi bakwai, ciki har da na Kano da Sakkwato da Maiduguri da Jos, suka zama goma sha uku. Sai rikici ya ɓalle. Yaro ɗaya mai ido a buɗe zai nemi jami'a huɗu, duk su ɗauke shi, ya je ɗaya, gurbi uku su tashi a banza, wani kuma yana can bai samu ko ɗaya ba. Gwamnatin soja ta Obasanjo ta kafa JAMB da doka ta 2 ta 1978, Michael Angulu ya zama magatakardanta na farko. Fom ɗaya, jarrabawa ɗaya, gurbi ɗaya.

Abin da matasanmu ba su sani ba shi ne Arewa ba ta karɓi JAMB da hannu biyu ba. Da jerin sunayen farko suka fito aka ga yadda 'yan Kudu suka mamaye, ɗaliban jami'o'in Arewa zanga-zanga suka yi a 1979. Hujjarsu ita ce ba a haɗa tseren gudu tsakanin wanda ya fara boko tun ƙarni na 19 da wanda aka fara kai wa firamare ƙauyensu a UPE ta 1976. Daga wannan ja-in-jar, da kuma tsarin raba daidai na kundin mulkin 1979, aka samo rabon gurabe a jami'o'in tarayya: kashi 40 cikin ɗari na cancanta zalla, kashi 30 na jihohin da ke kewayen jami'a, kashi 20 na jihohin da ke baya a ilmin boko, kashi 10 na ganin damar jami'a. Daga baya aka soke na ganin damar, ya koma 45 da 35 da 20, haka yake har yanzu. Katsina na cikin jihohin da aka lissafa a baya, kuma tana cikin kewayen ABU. Ma'ana ɗan Danja na da ƙofa uku da zai iya shiga ta cikinsu.

A nan zan faɗi wata magana da wasu abokaina ba za su ji daɗinta ba. Wannan kason an yi faɗan samo shi ne da sunan ɗan Kahutu da ɗan Tandama da ɗan Dabai, amma takardar ba ta san ƙauye ba, jiha kawai ta sani. Ɗan babban sakatare da ya yi makarantar kuɗi a Abuja, in dai ya riƙe takardar shaidar ƙaramar hukuma daga Katsina, layi ɗaya yake da ɗan mai yankan rake da bai taɓa taɓa kwamfuta ba. Wa kuke jin zai cinye kason? Mu ma'aikata mun san amsar, don 'ya'yanmu ne.

Ni a 2000 na gama sakandare, muna cikin rukunin farko da suka zana NECO. A zamaninmu banki ake zuwa a sayo fom, a haɗo ka da wani ƙaton littafi mai ɗauke da kowane kwas da darussan da ake buƙata. Da fensirin HB ake cikewa, ana duhunta 'yan ƙananan akwatuna ɗaya bayan ɗaya, hannu na rawa don kada a yi kuskure. Littafin nan ban buɗe shi ba, na ga ya yi kauri. Ina son karanta Tsimi da Tanadi, kuma ina tsoron Lissafi kamar mutuwata, sai na zaɓi darussan da na fi iyawa na bar shi. Na ci maki mai kyau, na yi ta yawo da takardar a aljihu ina nuna wa mutane. Sunaye suka fito, na hau mota har Zariya na duba allo tun daga sama har ƙasa sau uku, babu ni. Na dawo gida ina cewa an yi mini rashin adalci. Sai da wani malaminmu, Allah Ya jiƙansa da rahama, ya ce in kawo masa littafin. Ya buɗe shafin ya ɗora yatsa ya ce, "Karanta nan da ƙarfi." Na karanta. Lissafi dole ne. Ya ce, "Wa ya zalunce ka?" Na sunkuyar da kai. Shekara guda na yi ina bin yayyena gona, shekara ta gaba a ɗakinsa na cike fom, yana tsaye a kaina.

Amma ku lura da wani abu game da wancan zamanin na fensir. Sakamako da takardar samun gurbi ta gidan waya suke zuwa, kuma yawancinmu akwatin makaranta ko na sakatariyar ƙaramar hukuma ko na wani ɗan'uwa ma'aikaci muke rubutawa. Saboda haka takardarka sai ta bi ta hannun wani babba. Masinja zai ga sunan ya ce ai wannan ɗan wane ne na Jiba, a ba direba ko mai kai kaya kasuwa ranar kasuwa, kafin kwana biyu ta iso. Wasu a jaridar New Nigerian wani zai ga sunansu ya aiko. Tsarin yana da jinkiri, takardu na ɓacewa, amma samun gurbi ba ya ɓoyuwa, gari ne ke ji.

Daga nan sai abubuwa suka riƙa sauyawa da sauri. A 2005 jami'o'i suka samu izinin yin tasu jarrabawar tantancewa bayan ta JAMB, aka soke ta a 2016, aka dawo da ita a 2017. Rajista ta koma intanet da katin gogewa, shagunan intanet suka tsiro a Funtuwa da Malumfashi da Bakori har da nan gida. A 2010 aka haɗe jarrabawar jami'a da ta kwalejojin kimiyya da fasaha da na ilmi ta zama ɗaya. A 2013 aka fara gwada yi da kwamfuta, a 2015 aka ajiye fensir gaba ɗaya. Farfesa Is-haq Oloyede ya karɓi hukumar a 2016, a 2017 ya kawo CAPS, wato shafin da duk wani gurbi na halal sai ya bi ta cikinsa, a 2021 kuma lambar NIN ta zama dole. A gefe guda makarantu sun ƙaru a kusa da mu: Al-Qalam a 2005, jami'ar jiha da ake kira Umaru Musa 'Yar'aduwa yanzu a 2006, ta tarayya a Dutsin-ma a 2011, ga makarantar share fage ta ABU a Funtuwa tun farkon shekarun 2000.

Gaskiya ɗaya ce, CAPS ya yi amfani. Ya rage ɗaukar ɗalibai ta bayan gida, ya rage ƙarfin 'yar wasiƙar babban mutum, kuma yaro na iya ganin matsayinsa da idonsa. Ni ba na cikin masu zagin sa. Illarsa ɗaya, an gina shi ne a kan zaton cewa kowane ɗalibi na da wayarsa, da imel ɗinsa, da wani a gida da ya san abin da ake ciki. Makarantar sakandare kuma an zare hannunta daga harkar kwata-kwata. Firinsifal bai san wa ya yi rajista ba, bai san wa ya samu ba. Yawancin yaranmu ma sai sun bar makaranta suke sake zama karo na biyu da na uku, ba malamin da ke ganin su. Aikin da hakimi ya yi, malami ya gāda, yau ya faɗo kan yaro ɗan shekara ashirin mai laftof da janareta, wanda ake biya kuɗin rajista kawai, ba kuɗin bibiya ba. In ya tura ya karɓi kuɗinsa, aikinsa ya ƙare, kuma ba za ka ce ya ci amana ba.

Ku tuna abin da ya faru a 2025. Kusan yara miliyan biyu suka zana, fiye da miliyan ɗaya da rabi ba su kai maki 200 cikin 400 ba. Iyaye da malamai a Legas da jihohin Kudu maso Gabas suka ce atafau wannan ba makin 'ya'yansu ba ne, suka tara hujjoji suka matsa, har hukumar ta bincika ta gano tangarɗar na'ura ce. Shugabanta ya fito gaban 'yan jarida yana hawaye, aka sake wa yara 379,997 jarrabawa. Ni abin da ya tsaya mini a rai, da a ce a cibiyoyinmu na nan ne na'urar ta yi wannan tangarɗar, wa zai gane? Cewa za mu yi haka Allah Ya ƙaddara, a jira baɗi.

To tunda hukuma ba za ta dawo mana da firinsifal mai cike fom ba, ga abin da na ga yana kayar da yaranmu, daga waɗanda suka biyo ta hannuna.

Suna shi ne na farko, kuma tun kafin a sayi fom ake gyara shi. Mu Hausawa ba mu ɗauki rubutun suna da muhimmanci ba. A NIN an rubuta Muhammad, a NECO Mohammed, a takardar firamare Mamman. Wani ya sa Danja a matsayin sunan ƙarshe a wuri ɗaya, a wani wurin sunan kakansa. Ranar haihuwa kuwa kowace takarda da tata. JAMB daga NIN take kwaso bayanan yaro, duk abin da ke can shi zai bi shi har takardar digiri da bautar ƙasa. A shimfiɗa takardun a tabarma a gwada su harafi da harafi, in akwai saɓani a gyara yanzu. A kuma tabbata yaro zai cika shekara 16, don ita ce ƙa'idar shiga.

Sai layin waya. A saya wa yaro nasa, da shi za a tura NIN zuwa 55019 a karɓi lambar rajista, kuma kada a yar da shi, kada a bari ya mutu, ko da za a ajiye shi a 'yar ƙaramar wayar uwarsa. Imel ma nasa, a rubuta kalmar sirrin a takarda a sa cikin ledar da ake ajiye takardar gona. Rajistar kanta a cibiyar da hukumar ta amince da ita ake yi, yaro da kansa zai je a ɗauki hoton yatsunsa, kuma kafin a danna turawa ya karanta abin da ke kan allo da idonsa. A yi da wuri, don garuruwan jarrabawa na kusa cika suke yi, kuma da yanayin hanyoyinmu ba uban da zai so 'yarsa ta kama hanya mai nisa da asuba.

Darussa huɗu ake zanawa, Turanci dole, sauran ukun kwas ɗin ne ke zaɓar su, ba yaro ba. Littafin nan da na ƙi buɗewa yana nan a shafin hukumar kyauta, kuma na shekarar za a duba, don ƙa'idoji na canjawa. Tambaya 180 ce cikin awa biyu. Yaron da bai taɓa zama gaban kwamfuta ba, rabin awarsa ta farko a rawar hannu take tafiya, don haka in da hali a biya masa jarrabawar gwaji, ko a aro masa laftof ya yi mako yana taɓawa.

Batun maki na rikita iyaye sosai. In an ji a rediyo an ce mafi ƙarancin makin jami'a 150 ne, kamar yadda aka yanke a 2025, sai uba ya ce ai ɗana ya ci 190, ya wuce. Wannan ƙasan rijiya ne kawai. Kowace jami'a na da nata, kowane sashe na da nasa, likitanci da aikin jinya da lauya kuwa gurabensu ƙididdigaggu ne, masu nema kamar ƙasa. Jami'o'in da ake rububi galibi wanda ya sa su a zaɓin farko kawai suke dubawa. Kuma wani abin mamaki, mu da muke tsakiyar ƙasar noma, ga cibiyar binciken aikin gona ta Samaru a bakin ƙofarmu, inda irin masara da audugar da muke shukawa ke fitowa, amma ka ce wa yaro ya nemi aikin gona sai ya ga kamar ka zage shi. Zai gwammace ya shekara huɗu yana bin likitanci da maki 210. In maki ya fito bai kai ba, akwai damar canjin kwas ko makaranta da kuɗi kaɗan, a yi amfani da ita.

Bayan jarrabawa ne aikin yake, a nan kuma muka fi sakaci. A koma cibiya a ɗora sakamakon WAEC ko NECO da zarar ya fito. A sa kunne a ji ranar da makarantar za ta buɗe rajistar tantancewarta, don wannan daban take da ta JAMB. Sannan a riƙa leƙa CAPS ko da sau ɗaya ne a mako har shekarar ta ƙare, in an ga gurbi ko tayin canjin kwas a karɓa kafin wa'adi. Duk wanda ya ce a kawo kuɗi zai samo gurbi ta wata hanya da ba ta bi ta nan ba, a guje shi. Na san waɗanda suka gama karatu tsaf sannan aka ce sunansu ba ya cikin rajistar JAMB, bautar ƙasa ta gagara sai da aka sha wahala.

Wanda bai samu ba kuma kada ya zauna. IJMB a Funtuwa, NCE a Dutsin-ma ko Katsina, difloma a kwalejin Hassan Usman, duk suna kai mutum aji biyu na jami'a in ya ci da kyau. Ga makarantar ungozoma a Malumfashi. Ita ce dai gadar da iyayenmu suka bi, ba abin kunya ba ce. Wanda kuɗin makaranta ke tsorata shi, tun 2024 akwai bashin karatu na NELFUND ga ɗaliban makarantun gwamnati, ya bincika sharuɗɗan ya gani ko zai iya.

Na san a cikin masu karanta wannan akwai 'yan Danja da Bakori da Ƙafur da ke aiki a Katsina da Kaduna da Abuja, masu digiri ɗaya da biyu. Kowannenmu in ya tuna akwai wanda ya tsaya a kansa ranar cike fom. Ƙungiyoyinmu na tsofaffin ɗalibai da na ci gaban gari sun iya tara kuɗi su saya wa yara fom, a ɗauki hoto a sa a Facebook, Allah Ya saka. Amma ban taɓa ganin wadda ta ajiye littafi ta rubuta sunan kowane yaro da lambarsa, ta sa mutum ɗaya ya riƙa bibiya har Disamba ba. Sayen fom ɗin shi ne mai sauƙin.

Baba ya ce mini bana ce ta ƙarshe, in bai yiwu ba sai dai ta haƙura, don akwai masu zuwa neman aurenta kuma ya gaji da ba su haƙuri. Ban ga laifinsa ba. Na roƙe shi ya ba ni wannan shekarar, ya ce ya ba ni. Mun saya mata layinta, mun buɗe mata imel, mun tarar harafi ɗaya ya bambanta a sunan mahaifinta tsakanin NIN da NECO, ranar Litinin ƙanina zai raka ta a fara gyarawa. Ni kuma in sha Allahu duk Asabar ina gida har a rufe rajista. Wanda ke da yaro ya turo shi bayan la'asar da duk takardunsa a leda, in da hali uban ko uwar su biyo shi.